Wurare Bakwai, Sunaye Shida

Shekara huɗu na yi ina riƙe da makullin akwatin ƙorafi a cibiyarmu ta Madarumfa. Ƙaramar makaranta ce ta koyon noma da kiwon kifi, aji biyar da biro, wato ofis, guda biyu, amma takardar shaidar da ɗalibanmu ke fita da ita, tambarin wata babbar jami'a take ɗauke da shi. Mu ke koyarwa, su ke sa hannu. Saboda haka duk abin da ya shafi satar amsa, ko kwafe aikin wani, ko ɗaukaka ƙara, da dokarsu ake yinsa. Ni ne sakataren kwamitin da ke zama a kan irin waɗannan. Aikina in karɓi takarda, in buga mata kashe, hatimin makaranta, in haɗa dosiyen takardun ƙarar, in rubuta abin da aka faɗa a wurin zama. Ba ni da ƙuri'a.

Yawancin abin da ke faɗowa cikin akwatin ba ya wuce wane ya rage mini maki, ko wance ba ta zuwa aji ran Litinin. Ƙara ɗaya ce kawai ta biyo ni gida, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Ɗalibar mace ce mai kimanin shekara talatin, tana da aure da ƴa ɗaya. Ta yi aikin malamar gona a garin Sarkin Yamma kafin ta dawo karatu. Ba ta da yawan magana. A shekararta ta ƙarshe ta rubuta kundin kammala karatu a kan yadda masuntan tabkinmu ke raba ruwa tsakaninsu: inda ake jefa tarun birgi, inda ake kafa ƙugiyoyin mamari, watan da ake barin kifi ya huta. Malaminta na nan ya duba ya ce ya yi. Aka aika da kundin jami'a don wani babban malami ya karanta kafin a sa ranar da za ta kare shi gaban alƙalai.

Bayan sati biyu takarda ta dawo da rubutun jan biki, wato jan alƙalami. Farfesan da ya karanta ya ce babi na uku sata ne daga farkonsa har ƙarshensa, kuma shi aka yi wa satar. Sama da shekara arba'in da suka wuce, lokacin yana ɗalibi, ya rubuta nasa kundin a kan wannan tabki. Ya haɗo da kwafin shafukansa, bugun tafireta, baƙaƙen sun dushe.

Na shimfiɗa su biyu a kan teburina, nasa a dama, nata a hagu, na bi su layi layi. Da Faransanci aka rubuta duka biyun. Ba kowace kalma ce ta zo ɗaya ba, amma zancen tafiya ɗaya yake yi. Inda ya ce ruwa yana da ƙofa da ɗaki kamar gida, ita ma haka ta ce. Inda ya ce tarwaɗa ba ta barin wurin da ta saba sai wurin ya bar ta, nan ita ma ta faɗa. Sai na zo wurin da farfesan ya zagaye da ja har takardar ta kusa hudewa. Kundinsa ya ce akwai wurare bakwai a tabkin da masunci ba ya jefa koma, sannan ya lissafa sunaye. Na ƙirga, shida ne. Na koma nata. Wurare bakwai, in ji ta. Sunaye shida, su ɗin dai, a jere ɗaya.

A gefen shafin ya rubuta cewa wannan kuskurensa ne, mai buga tafireta ce ta tsallake ɗaya, ga shi ɗalibar ta kwafe har da kuskuren.

Kwamitin ladabtarwa bai daɗe a zaune ba. Aka soke kundin, aka dakatar da ita shekara biyu. Da aka karanta mata hukuncin ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin kundin farfesa ba, wata tsohuwa ce a hayin tabki ta gaya mata duk abin da ke babin, kuma ta ambaci haka a ƙarshen aikinta. Aka tambaye ta ina muryar da ta ɗauka. Ta ce wayar ta faɗa ruwa ranar da take dawowa. Wani daga cikin malamai ya yi murmushi.

Kwana uku bayan haka na buɗe akwati na tarar da takardarta ta ɗaukaka ƙara, an naɗe ta a jikin wani kaye, littafin rubutu na ƴan firamare mai shuɗin bango. Ban gama karantawa ba sai ga ta a bakin ƙofa. Ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci.

"Mushe, wannan kayen shi ne abin da na rubuta a gaban tsohuwar, da Hausa, yadda ta faɗa," in ji ta. "Ba na roƙon a yafe mini, don ban yi ba. A je a tambaye ta kawai. Ta tsufa ƙwarai. In za a je, a je da wuri."

Dokar jami'a ta ba mai ɗaukaka ƙara damar kawo shaida, kuma aikin sakatare ne ya tabbatar da ita. Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na kira ɗakin karatun jami'ar na tambayi ko an taɓa aron wancan tsohon kundi. Matar da ta ɗauka ta ce in ba ta kwana biyu. Da ta kira ni, sai ta ce kundin ba ya kan kantar littattafai, ba ya kuma cikin ordinata, wato kwamfuta. Cikin wani kwali ta same shi a sito, an ɗaure da igiya, gara ta ci gefensa. Ta ce da wuƙa ta yanke igiyar, don ƙullin ya riga ya zama ɗaya da ƙura. Kwafi na biyu kuwa yana gidan farfesa.

Na ajiye waya. Rana tsaka ce, fanka tana juyawa, ɗalibai suna hayaniya a ƙarƙashin dogon yaro. Na rufe dosiyen na sa shi cikin durowa, kamar wanda ke gudun kada takardun biyu su ci gaba da kallon juna.

Shugabar kwamitin ɗaukaka ƙara ta amince in je in ji tsohuwar, in rubuto rahoto. Da labari ya kai wa farfesa, sai ya aiko cewa shi ma zai zo, don ba ya so a shirya wasa a bayan idonsa. Ya kafa sharaɗi: kada ɗalibar ta ga tsohuwar kafin mu, kuma in an je ta tsaya a waje.

Lokacin kaka muka tafi, ranar wata Laraba bayan azahar, cikin motarsa. Dattijo ne dogo mai furfura, mai tsabta, yana magana a hankali kamar kowace kalma sai ya auna ta. Ba mugun mutum ba ne. Ya gaya mini a hanya cewa wannan babi shi ne abin da ya fi alfahari da shi a duk rubutunsa na ƙuruciya. Ya ce ya zagaya masunta da yawa a lokacin, ba zai iya tuna fuskokinsu ba, amma tsarin zancen da kalmomin nasa ne. Ɗalibar tana zaune a baya, tana kallon damman gero da aka jingine a gonaki. Ba ta ce uffan ba sai in an zo mararraba, ta ce dama, ko ta ce hagu.

Inda hanyar mota ta ƙare muka sauka muka taka. Ƙauyen gidaje ne kaɗan a kan tudu, tabkin yana ƙasa, itatuwan gawo tsaye cikin ruwa har gindinsu ya nutse. An jera gorunan da masunta ke hawa su shiga ruwa a bakin gaɓa suna shanya. Mutanen gidan da muka nufa ba su bar al'adar kakanninsu ba. A ƙofar gida akwai wata tukunya a kife a gindin itace, da gashin kaza manne a jikinta. Farfesa ya kauda kai. Ɗalibar ta zauna a kan wani kututture daga waje kamar yadda aka ce.

Surukar tsohuwar ce ta shigar da mu. Ɗakin ƙarami ne, yana warin hayaƙi da busasshen kifi. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, idanunta sun yi fari fat, ba ta gani. Na gaishe ta, na ce daga makarantar Madarumfa nake, na zo in ji zancen ruwa irin wanda ta gaya wa wata ɗalibarmu. Farfesa ya zauna a bakin ƙofa bai yi magana ba. Hannu kawai ya ɗaga, ya manta ba za ta gani ba.

"Zancen ba nawa ba ne, ɗana," in ji ta. "Na ubana ne, shi ne sarkin ruwa a zamaninshi. Ni ajiya aka ba ni. In na soma, kada a katse ni."

Na buɗe shuɗin kayen a kan gwiwata na ɗora yatsa a layin farko.

Ta juya fuskarta wajen bango. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba irin wadda ta gaishe ni da ita ba ce. Ta yi kauri, ta yi ƙasa, tana jan kalmomi kamar mutumin da ya wuni cikin ruwa.

"Ke yarinya, aje tsintsiyar nan ki saurara. Ruwa gida ne, yana da ƙofa, yana da ɗaki."

Na dubi kayen. Haka aka rubuta, har da tsintsiyar. Ta ci gaba, yatsana yana bin ta. Ba ta ƙara kalma ba, ba ta rage ba. Tana cewa "matata", tana cewa "ran da na kama kada a gindin kanya", kuma duk bayan ƴan jimloli sai ta ce "kin ji ko?" Mu biyu maza ne a ɗakin, surukar ta riga ta fita. Na rasa wa ake tambaya. Sau ɗaya na ji bakina ya ce "na ji" ba da nufina ba.

A tsakiyar shafi na huɗu ɗalibar ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: nan ta yi tari sau biyu. Idona ya riga kunnena isa wurin. Na ɗago kai ina jira. Tsohuwar ta kai ƙarshen jimlar, ta yi tari sau biyu, busasshen tari na namiji mai shan taba, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ban san lokacin da na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci ba. Na saci kallon farfesa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, leɓunansa suna motsi. Da na lura sosai sai na gane yana bin ta ne da Faransancinsa, jimla da jimla, wani lokaci ma yana riga ta.

"Wurare bakwai ne ba a jefa koma," in ji muryar. Ta fara da gindin kanya, ta bi ta tsohuwar rijiya da ruwa ya haɗiye, ta zo makwantar shanu. Ina ƙirgawa da yatsun hannun hagu. Ta faɗi na shida. Kafaɗunta suka sauka, ta juyo daga bango, ta lalubi kwanon ruwa ta sha.

"Ƙarshenshi ke nan," in ji ta, da muryarta ta ɗazu.

A kayen ma nan rubutun ya ƙare. Sauran shafin fari ne.

Farfesa ya gyara murya. "Inna, shida kika faɗa. Ina na bakwai?"

Kwanon ya tsaya a hannunta. Ta karkata kai wajen ƙofa, kamar mai sauraren tafiyar wani daga nesa.

"Sake magana," in ji ta.

"Na ce, ina na bakwai?"

Sai ta yi dariya, ƴar ƙarama, ba haƙori ko ɗaya. "Kai ne. Mai akwatin ɗaukar magana. Ka samo batirin?"

Ya mayar da tabarau, ya ƙura mata ido.

"Kwana ukku ka yi gidan nan," ta ce. "Ina ƙyafe kifi kana zaune kan turmi. Ka tambaye ni wannan tambaya, daidai nan akwatinka ya mutu. Ka ce bari ka je kasuwar Ɗan Issa ka sayo batir, kada in faɗa sai ka dawo. Na ce to. Na haifi autana bayan tafiyarka, ga shi yau shi ma da furfura."

Dattijon ya ce, a hankali, "Na manta, Inna. Wallahi na manta da ke. Na ɗauka ni na haɗa shi."

"Ba komi. Ɗiyar nan da ta zo bara ba ta tambaya ba, ita. Ta ƙirga, na ji ta tana ƙirgawa, amma ta rufe takardarta ta yi mani godiya. Tana ina?"

Na ce tana waje. Ta ce a kira ta. Na dubi farfesa, ya gyaɗa kai. Ɗalibar ta shigo ta durƙusa ta ce, "Kaka, ina wuni." Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Tunda ka dawo, bari in sauke maka," ta ce wa farfesa. "Ni ma na tambayi ubana ran da ya gaya mani. Na ce, Baba, shidda ka faɗa. Ya ce na bakwai mai faɗa ba ya saninshi sai ya isa wurin. Haka ubanshi ya gaya mashi. Damina ta zagayo, ya fita da goranshi da hantsi, ruwa kwance kamar mai a kwano. Aka tsinci goran yana yawo shi kaɗai. Wurin da aka ciro shi ba ya cikin shiddan nan, kuma ruwan bai kai ƙirjin mutum ba. Kakana ma haka, amma shi wani wuri daban. Kowa da nashi."

Daga waje ana jin sakan turmi, da kukan balbelu can kan ruwa.

"Ni tun ranar ban sake sa ƙafata cikin tabki ba," in ji ta. "Ruwan rijiya nake sha. Ku kuma da kuka rubuta, ban san ko rubutu faɗa ne ba. Ku ne masu karatu."

Muka yi mata sallama. Ɗalibar ta bar mata goro da sabulu da ta zo da su a ƙullin gyalenta. A hanyar komawa mota, turbar tana bi ta bakin ruwa kusan taku ɗari. Da zuwa ta nan muka bi ba tare da tunanin komai ba. Da dawowa, ba wanda ya ce wa wani komai, sai muka ga mun hau ta cikin gonar wake, ƙaya tana kama mana riguna.

Mun kusa shiga gari farfesa ya tsayar da mota a gefen hanya. Ya ce la'asar ta yi. Ya ɗauko buta ya yi alwala, muka yi salla a kan yashi, ɗalibar ta yi tata a bayan mota. Bayan sallama ya daɗe zaune bai tashi ba. Da ya tashi sai ya je inda take, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Malama, na zalunce ki. Ki yafe mini." Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Mushe."

Rahoton ya ba ni wahala. Na rubuta na yage ya fi sau uku. Fom ɗin jami'a yana da gurbin sunan shaida, da ranar ganawa, da abin da aka tabbatar. Ba shi da gurbin murya ko tari. A ƙarshe na rubuta cewa an gana da shaidar a gaban mai ƙara da wadda ake ƙara, ta maimaita bayanin daidai da abin da ke cikin kayen ɗalibar, kuma ta tabbata marubutan biyu daga bakin mutum ɗaya suka ɗauka, a lokuta daban. Farfesa ya sa hannu a ƙasa, ya ƙara layi ɗaya da bikinsa cewa ya janye ƙararsa, kuma shi ne bai ambaci tushen bayaninsa ba.

Kwamiti ya soke hukuncin. Shugabar ta tambaye ni ko akwai wani abin da ya kamata su sani wanda ba ya cikin rahoton. Na ce babu. Ɗalibar ta kare kundinta bayan wata biyu, ta samu sakamako mai kyau. Farfesa ya nemi a ƙara shafi ɗaya a tsohon kundinsa mai ɗauke da gyara, aka ce masa babu wata doka da ta tanadi yadda ake gyara kundin da aka riga aka karɓa. Na ji ya rubuta shafin da hannunsa ya kai ɗakin karatun, ya roƙi matar nan ta cusa shi ciki.

Tsohuwar ta rasu bayan damina biyu, a ɗakinta, kan tabarmarta. A kasuwar Madarumfa na ji, daga bakin ɗalibar, wadda a lokacin ta koma aikin gona. Muna tsaye gaban mai tumatir ta gaya mini. Ta ce a gidan babu wanda ya riƙe zancen, jikokin duk sun tafi Maradi da Katsina neman abinci. Na tambaye ta shuɗin kayen, don na mayar mata da shi bayan an rufe dosiye. Ta ce yana ƙasan akwatinta, amma ba ta buƙatarsa. Wani lokaci tana tuƙa tuwo sai ta ji zancen yana zuwa mata daga farko, ba ta kira shi ba.

"Ƴata ta ji ni rannan," in ji ta. "Ta ce in gaya mata sauran."

Na ce, "Kin gaya mata?"

Ta ce tukuna, yarinyar ba ta gama firamare ba. Ta ɗauki ledar tumatirinta, ta ce in gaida mutanen makaranta, ta shiga cikin masu kifi.